Wuƙar Kifi a Ƙarƙashin Tabarma

Mai tuƙa kamyo, babbar motar kaya, ya jefa buhun bisa teburin madafa, ruwa ya fantsamo har gaban rigar Aisami. Da aka kwance bakin buhun, aka ture jiƙaƙƙiyar ciyawa da gishirin da aka lulluɓe abin da su, sai ga giwan ruwa kwance, tsawonsa ya fi kamu biyu, idonsa bai ko dushe ba. Daga Komadugu aka ɗauko shi. Wani babban Nasara mai zagayen duba barikoki ne ya taho da shi a hanyarsa ta komawa Damagaram. Zai ci abincin rana a gidan kumandan, ya kwana, gobe da sassafe ya wuce.

A Gure ba a ganin ɗanyen kifi. Banda ake gani, baƙi ƙirin, wanda fatake ke kawowa bisa jakuna. Shekara shida Aisami yana kuku a gidan kumandan, sau huɗu kawai irin wannan kifi ya shigo madafarsa. Da a ce wata rana ce, da ya yi murna. Yau kuwa yana ganinsa sai ya saci kallon bangon da ake rataye wuƙaƙe.

Madam, matar kumandan, ta shigo tana fifita da hularta. Kwana bakwai ta yi kwance da zazzaɓi, yau ne ta fara takowa madafa. Hausarta kaɗan ce, amma ta ishe ta ba da umarni.

"Aisami, ƙaya babu. Ko ɗaya. Baƙo babba."

"To, Madam."

Ta juya wajen bango, inda wuƙaƙen da ta taho da su daga ƙasarsu ke rataye cikin wata fata mai aljihu biyar. Aljihu na huɗu wayam.

"Wuƙa kifi ina?"

Wuƙar nan siririya ce, tsawonta taƙi guda da ɗan ƙari, mai baƙar ƙota. In ka danna bakinta bisa katako sai ta lanƙwasa kamar ganyen kaba, ka saki ta miƙe. Don haka aka yi ta: ta bi ƙashi ta kwanta a jikinsa, ta raba shi da tsoka ba tare da ta bar ko ƙwaya ba. Da ita Aisami ke zare ƙashin cinyar rago da na zabo. Madam ba ta yarda a taɓa nama da ita sai an tsoma ta a tafasasshen ruwa, in an gama kuma a sake tsomawa.

"Tana wurin maƙeri, Madam. Ƙusar ƙota ce ke motsi."

Rabin maganar gaskiya ce. Ƙusar tana motsi.

"Je ka kawo. Midi, abinci bisa teburi." Midi ita ce tsakar rana a bakinsu.

Ya rufe kifin da jiƙaƙƙen buhu, ya fita ta ƙofar baya. Bazara ce, shekara uku bayan fara ta cinye gero, yashi ya riga ya fara ƙona ƙafa tun hantsi. Yana gangarowa daga tudun bariki yana tuna Illa mai wanki. Cokali ɗaya ya ɓace a hannun Illa. Aka ce shekara guda zai yi a kaso, gidan yarin Nasara. Matarsa ta yi shekara biyu tana jira, sannan aka aiko mata da rigarsa.

Ga yadda abin ya faru. Kwana shida da suka wuce, Aisami ya tsoma wuƙar a ruwan zafi, ya naɗe ta a tsumma mai tsabta, ya taho da ita gida da niyyar ya biya wurin Hamidu maƙeri da la'asar a danne ƙusar. Bai ko gama cin tuwo ba naƙuda ta kama matarsa Habsu, alhali ana zaton da sauran rabin wata. Aka kore shi waje. Ya Kaka, yayar uwarsa, ita ce ungozomar unguwar. Da lokacin yanke cibi ya zo, ta laluba ta ga tsumma bisa tabarma, ta buɗe, ta ga wuƙa mai ƙyalli, ta yanke da ita. Daga nan ta tura ta ƙarƙashin tabarma, daidai kan jaririyar, kamar yadda ake yi. Ƙarfen da ya yanke cibi a nan yake zama har a yanka ragon suna, yana tsare jinjiri daga waɗanda ba a faɗin sunansu.

Kuma gidan Aisami ba gidan da za a yi wasa da wannan ba ne. 'Ya'ya biyu suka binne. Na fari a Kelle aka haife shi, wajen baƙunta, ba wanda ya tuna ya sa masa ƙarfe. Ran kwana shida haɓarsa ta ƙage, ya ƙi nono, ya sandare. Na biyu an sa masa wuƙar gida. Ran kwana shida da safe baƙi suka iso, Aisami ya zare wuƙar ya yanka musu kaza, ya goge, ya mayar. Kafin magariba yaron ya ƙi nono.

Yau kwana shida.

Hanyar gida ta ratsa ta rumfar mahauta. Ɗan Kasuwa, mahauci, abokinsa tun suna yara, yana zaune yana shimfiɗa naman kilishi bisa asabari. Ya hango shi.

"Kukun Nasara! Ina za ka haka kamar an koro ka? Ko Madam ta gane kai ke shanye mata romo?"

"Ba yau ba, Ɗan Kasuwa."

"To gobe fa? Na je na ga ragon nan naka, Babarbare. Wallahi in na feɗe shi sai an kunna fitila kafin a ga kitse."

Aisami bai tsaya ba. Mahaucin ya bi shi da kallo, wuƙa a hannu.

Ya tarar da Ya Kaka a ƙofar ɗakin jego tana dakan kanwa ta kunu. Daga bayan ɗaki ana jin ƙarar ruwa da ƙamshin ganyen sabara, Habsu tana wankan safe. Ya durƙusa ya gaishe ta.

"Lafiya da hantsi haka?" in ji tsohuwar.

"Ya Kaka, wuƙar nan."

"Wace wuƙa? Ba wuƙa a gidan nan sai gobe."

"An kawo kifi. Madam ta tashi, ta ga wurinta babu kowa. In ban kai ba kafin midi, ni ɓarawo ne."

"Ka ce mata gobe."

"Nasara bai san gobe ba. A sa wata mana. Ga wuƙar gida, ga lauje, ga gatari. In kina so in je in ɗauko uwar maƙera ta Hamidu in ajiye mata a kai."

Ya Kaka ta ajiye taɓarya. "Kai har yanzu yaro ne, ko da furfura a gemunka. Wannan ita ta sha jinin cibiyarta, ita suka sani, ita suke tsoro. In ka sa wata, ƙetare ta za su yi kamar kara. Ni na karɓe ka ranar da aka haife ka, na karɓi rabin unguwar nan. Kada ka koya mini aikina, ni ban zo na koya maka soya wa Nasara ƙwai ba."

Habsu ta yi kira daga baya a ƙara mata ruwa. Tsohuwar ta tashi da ƙyar, ta ɗauki tukunya ta zagaya.

Aisami ya dubi ƙofar ɗakin. Ya dubi rana. Ya ɗaga asabari ya shiga.

Ɗakin da zafi, garwashi na ci a kusurwa. Jaririyar tana kwance cikin zane, 'yar mitsitsiya, hannuwanta a dunƙule kusa da kunnuwa. Ya durƙusa, ya zura hannu ƙarƙashin tabarma. Yatsunsa suka taɓa ƙotar. Ya ji ƙusar nan tana motsi ƙarƙashin babban yatsansa. Ya lissafa a ransa: ya kai, ya gyara kifi, Madam ta gani, da azahar ya saka ta cikin riga ya dawo da ita. Rabin yini kawai. Ba wanda zai sani.

"Ɗauka."

Habsu ce tsaye a ƙofa, ɗaure da zani, tururi na tashi daga kafaɗunta.

"Ɗauka mana, Malam. Ai ka san wurinta. Wancan karon ma ba ka tambayi kowa ba."

Shekara biyu ke nan, ba ta taɓa tayar da maganar ba sai yau.

"Kaza ce kawai na yanka, Habsu. Kuma na mayar."

"Ka mayar," ta ce.

Ta shigo ta zauna a bakin gado, ta ɗauki jaririyar. Ya faɗa mata kifi, ya faɗa mata Madam, ya faɗa mata kaso. Tana saurare, ba ta dube shi ba.

"Na ji. Ni ban hana ka ba. Kai ne ubanta."

Ta sa wa yarinyar nono a baki. Su biyu suna kallon abu guda: 'yar haɓar nan. Yarinyar ta yi ta lalube da baki, ta kauce, ta yamutsa fuska. Aisami ya matso kusa. Sai ta cafke, ta shiga zuƙa, kumatunta na lotsawa.

Ya zaro hannunsa daga ƙarƙashin tabarma, ba komai a ciki. Ya fita.

Da gudu ya koma rumfar mahauta.

"Ɗan Kasuwa, ara mini wuƙar kilishinka."

"Wacce? Wannan?" Mahaucin ya ɗaga ta. Doguwa ce, ƙirar gida, an naɗe ƙotarta da fatar akuya. Shekaru da washi sun cinye ta har ta zama siririya kamar tsinken tsintsiya a wajen baki. "Ta ubana ce. Ba ta taɓa fita rumfar nan ba. Me za ka yanka?"

"Kifi."

"Kifi! Wuƙar ubana a jikin kifi? Ka ji Babarbare! Gobe ka ce in ara maka hulata ka tace miya."

Sauran mahauta suka fashe da dariya. Aisami bai yi dariya ba. Ɗan Kasuwa ya dube shi sosai, dariyar ta mutu a bakinsa. Ya jawo shi gefe.

"Yarinyar ce?"

"Tana shan nono. Wuƙar Madam ce a ƙarƙashin kanta."

Ɗan Kasuwa ya yi salati a hankali. Ya goga wuƙar sau uku a dutse, ya gwada ta a gashin hannunsa, ya naɗe ta a ganye.

"Ba ta lanƙwasawa kamar taku. Kada ka tura ta, ja ta za ka yi, daga ƙota zuwa baki. In ta dawo mini da ƙarni, da harshenka za ka wanke ta."

Lokacin da ya koma madafa inuwar bango ta fara guduwa ƙarƙashin bango. Ya tsoma wuƙar a ruwan zafi. Ya kankare ɓawon kifin, ya tsaga ta bayan kai har ya ji ƙashi, ya kwantar da bakin wuƙar bisa ƙashin baya. Da ta Madam ce, da jan hannu ɗaya ya isa, ta bi ƙashin da kanta kamar makaho a hanyar gidansu. Wannan kuwa gardama gare ta. In ya danna sai ta nemi shiga ƙashi, in ya sassauta sai ta hau ta bar tsoka. Ya tuna maganar mahauci, ya shiga ja kaɗan-kaɗan, hannun hagu yana ɗaga tsokar, na dama yana shafawa. Gumi na zuba masa a ido, bai da hannun gogewa. Wajen haƙarƙari ta zame ta yanke shi a yatsa. Ya tsotse jinin, ya ɗaure da tsumma, ya ci gaba.

Da ya raba gefe biyun da ƙashi, ya shimfiɗa su, ya rufe ido, ya bi tsokar da yatsa daga kai har wutsiya. Duk inda ya ji tsini ya sa farce da bakin wuƙa ya tsinke. Ya bi sau uku. A karo na uku ya sami wata siririya kamar gashi ta ɓuya a wajen ciki. Ya bi karo na huɗu.

Aka busa ƙahon midi daga wajen gardawa, dogaran bariki, man shanu yana soyuwa a kasko.

Ya kai abincin, ya koma bayan ƙofa ya tsaya. Yana jin ƙarar cokula bisa asiti, farantin Nasara, da yarensu mai fita ta hanci. Can sai baƙon ya yi tari. Ya sake yi. Cokula suka tsaya. Aisami ya dafa bango. Sai ya ji dariya, ya ji an tsiyaya ruwa a kofi. Barkono ne.

Aka kira shi. Baƙon, wani mai jan wuya da gashin baki, ya nuna asitinsa da ba komai a ciki, ya yi magana mai tsawo. Tafinta ya ce, "Ya ce tun daga bakin teku bai ci kifin da aka gyara kamar wannan ba." Madam ta yi murmushi. Aisami ya rusuna, ya koma madafa. Ya ce a ransa, an tsallake. Saura la'asar, saura magariba, gobe a yanka rago.

Yana wanke kasko Madam ta shigo. Murmushin ba ya nan. Ba ta dubi komai ba sai aljihu na huɗu.

"Wuƙa?"

"Maƙeri bai gama ba, Madam. Gobe da hantsi."

Ta juya ta yi kira. Garbai ya shigo, babban gardin bariki, mai jar dara da bulalar dorina a kugu. Ashe da Aisami ya daɗe a gari, ta aike shi maƙera ya hanzarta shi.

"Na je wurin Hamidu," in ji Garbai, yana kallon sama da kan Aisami. "Ya rantse bai taɓa ganinta ba."

A barandar ofis aka tsayar da Aisami. Kumandan bai ɗaga murya ba, yana sakace haƙori yana magana, tafinta na juyawa.

"Ya ce cokali yana ɓata. Wuƙa ba ta ɓata, hannun wani take shiga. Ya ce ka yi ƙarya sau biyu a gidansa. Ya ce don kifin yau zai yi maka sauƙi: Garbai zai kai ka gida. In wuƙa ta dawo kafin a sauke tuta da yamma, magana ta mutu, ka koma madafarka. In ba ta dawo ba, kamyo zai tashi da asuba, ana neman masu ɗaukar dutse a kason Damagaram. Shekara guda."

Gaskiya ta zo har bakin Aisami. Ya dubi Madam a tsaye da hankici a hanci. In ya faɗa, ba za su ce a jira gobe ba. Za su aika a zaro ta yanzu, su yi ta ba abokansu labari suna dariya. Ya haɗiye.

Sai da suka sauka daga tudu, suka wuce rijiyar lambu, sannan ya faɗa wa Garbai, shi kaɗai, da ƙaramar murya. Ya faɗa masa Kelle, ya faɗa masa kaza. Garbai ya ci gaba da tafiya, takalmansa na nutsewa a yashi. Mutane suna ganinsu suna shigewa gida. Ɗan Kasuwa ya miƙe tsaye a rumfarsa, wannan karon bai yi kira ba.

Garbai ya yi bincike irin na gardi. Ya kifar da tukwane, ya zazzage buhun gero a ƙasa, ya soka sanda a rufin ɗakin Aisami, ya tsinke igiyar akwati. Ragon suna yana ta ja da baya a turke. Da ya nufi ɗakin jego, Ya Kaka ta tare ƙofa da hannu biyu.

"Namiji ba ya shiga nan. Kai ba mace ta haife ka ba?"

"Matsa, Iya."

"Sai dai ka taka ni."

Ya ɗauke ta cak kamar damin kara ya ajiye gefe, ya sunkuya ya shiga. Aisami ya bi shi. Habsu ta ja zani ta rufe ƙirji, ta matsa jikin bango. Jaririyar tana barci. Garbai ya tsaya a kanta, dogo har hularsa na taɓa rufi. Ya zaro bulala, ya sa bakinta ya ɗaga gefen tabarma. Baƙar ƙota ta bayyana.

Ba mai motsi.

"Kwana nawa?" ya tambaya.

"Shida," in ji Habsu.

Ya saki tabarmar ta koma. Ya daɗe yana kallon yarinyar.

"Ni ban ga komai ba," ya ce. "Ina da 'ya'ya. Hannuna ba zai cire ƙarfe daga kan jinjiri ba, ko kumandan ne tsaye a nan. Amma kai ubanta ne, Kuku. In ka ɗauka da hannunka, mu koma tare, in ce a rufin ɗaki ka manta ta. Madam ta yi faɗa, shi ke nan."

"Yallaɓai, gobe fa? Ana yanka rago zan kawo ta da gudu."

"Rago sai rana ta fito, sai liman ya zo. Kamyo kuwa tun da duhu zai tashi, don yashi. Ni ba ni da gobe, yamma aka ba ni." Ya kwance igiya daga kugunsa, ya ajiye ta a ƙasa tsakaninsu. "Ina zaure. In inuwa ta taɓa turken rago, mu tafi, da ita ko ba ita."

Ya fita.

Habsu ta ƙura wa igiyar ido. Ta san irinta. Ta ga ranar da aka ratsa kasuwa da Illa. Ta matso a hankali, ta durƙusa kusa da yarinyar, ta zura hannu ƙarƙashin tabarma.

Aisami ya cafke wuyan hannunta kafin ƙotar ta fito.

"Sake ni, Malam."

"A'a."

"Shekara guda suka ce. Illa ma shekara guda suka ce." Ta ɗago ta dube shi. "Abin da na faɗa da safe, baƙin ciki ne. Ba kai ka kashe shi ba, kwanansa ne ya ƙare. Ka ɗauka ka kai musu. Allah zai ba mu wata."

"Wannan nake so."

"Malam..."

"Sau ɗaya na zare, Habsu. Shekara biyu ina kwana da shi ina tashi da shi. Dutse zan iya ɗauka. Wancan ba zan ƙara ɗauka ba."

Ta ja, ya riƙe. Hannunsa mai tsumma ya fara jini, yana ɗiga bisa tabarma. Suna nan a haka har yarinyar ta motsa, ta buɗe baki ta tsala kuka, kuka mai ƙarfi, baki a wangame. Sai da Habsu ta saki ƙotar sannan ya saki hannunta. Ta ɗauki yarinyar ta sa mata nono, hawaye na sauka a kan jinjirar. Yarinyar ta kama.

Aisami ya ɗauki igiyar da kansa. A ƙofa ya durƙusa gaban Ya Kaka, wadda ke zaune cikin geron da aka zubar.

"Gobe ki gaya wa liman Mairamu. Sunan ƙanwarki, uwata."

Tsohuwar ta dafa kansa.

"Kuma wuƙar Ɗan Kasuwa tana madafa, bayan randa. A wanke ta da toka kafin a ba shi, kada ya ji ƙarni ya ishe ku da surutu."

Inuwa ba ta kai turken rago ba tukuna ya shiga zaure ya miƙa wa Garbai igiyar. Garbai ya karɓa ya mayar kugu. Bai ɗaure shi ba sai da suka wuce kasuwa.

Washegari rana ta fito, liman ya zo, aka raɗa suna. Ɗan Kasuwa ya yanka ragon, ya feɗe, bai yi wa kowa ba'a ba. Jinin na taɓa ƙasa Ya Kaka ta shiga ta zaro wuƙar. Habsu ba ta jira wanka ba. Ta naɗe ta a tsumma, ta goya Mairamu, ta hau tudun bariki, mai jego ta kwana bakwai, mata suna kiranta ta dawo.

Sawun kamyo kawai ta tarar a yashi, ya miƙe yamma.

Aka kira Madam baranda. Habsu ta durƙusa, ta buɗe tsumman, ta faɗi komai, tafinta yana juyawa. Madam ta miƙo hannu, da ta ji inda wuƙar ta kwana bakwai da abin da aka yanka da ita, sai ta janye hannun ta goge a rigarta. Ta yi 'yar magana ta shige ciki.

"Me ta ce?" in ji Habsu.

Tafinta ya dubi ƙasa. "Ta ce takarda ta riga ta tafi da kamyo, ba a hannunta take ba. Wuƙar kuma ta ce ba za ta ƙara cin abin da ta taɓa ba. Ki jefar."

Habsu ba ta jefar ba. Ta naɗe ta, ta sauko.

Da kaka Garbai ya kawo hular Aisami da tasbaharsa. Ya ajiye a zaure, ya tafi bai sha ruwa ba.

Mairamu ta rayu. Ta yi haƙora, ta yi aure, ta haifi bakwai, ta binne uwarta. Wuƙar tana wurinta. Washi ya cinye ta, ta koma kamar zare, amma har yau in aka sami kifi tana bin ƙashi ta kwanta a jikinsa. Ƙusar ƙotar tana nan tana motsi. Ba wanda ya kai ta wurin maƙeri.